Yadda Wiebe Ya Rufe Tafkin Matar Wansa

A ƙauyenmu na Hemsterp babu aikin da Wiebe bai iya ba. In ka ce rufin ɗakinka na yoyo, shi ya rufa rabin gidajen lardin. In saniyarka ta kasa haihuwa, ya taɓa fito da ɗan maraƙi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kofin gahawa. Aikinsa na ainihi tuƙin tankar madara ne har ya yi ritaya, kuma ita tankar ma ta sha kwana a cikin magudanar ruwa. Amma babban labarinsa shi ne na tseren zamiya a kan daskararren ruwa da ya shiga yana saurayi. A faɗarsa shi ke kan gaba, sai igiyar takalminsa ta tsinke. Da can a tsakiyar hanya igiyar ke tsinkewa. Yanzu da ya tsufa, a gaban alƙalai take tsinkewa, har yana jin ƙamshin miyar da aka dafa wa wanda ya zo na ɗaya.

Wansa Douwe shi ne mai hankalin gidan. Shi ne sarkin ƙanƙara na ƙungiyar 'yan sulu ta ƙauyen, wato masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, shi ke auna kaurinta kowane hunturu. In ya ce a hau, a hau. In ya ce a sauka, ko fasto sai ya sauka. Douwe ya rasu a farkon bazara, ya bar matarsa Aukje da gida, da lambu, da tafkin iyo da ya kafa wa jikokinsu a bayan gida, irin wanda ake ɗorawa a bisa ƙasa, zagayayye, bangonsa na kwano, cikinsa shimfiɗe da leda mai kauri, ana hawa da tsani.

Jikokin suna can birni. Duk hutun bazara sai sun zo sun cika gidan da ihu da jiƙaƙƙun tawul. Bazarar da Douwe ya rasu ba su zo ba. Aukje ta sa a ranta cewa tafkin nan shi kaɗai ya rage da zai jawo mata su baɗi, in kuwa hunturu ya kashe shi, to sai dai ta riƙa jin muryarsu a waya. Gidana na kallon nata, ni ma na binne mai ɗakina, na san irin lissafin da mutum ke yi in gida ya yi shiru.

Matsalar ita ce Douwe ne ke rufe tafkin kowace kaka. Ita dai tana ganinsa ta taga: ya rage ruwan kaɗan, ya shigar da injin tacewa ɗaki, ya jefa wani matashin iska a tsakiya, ya rufe da tamfol ya ɗaure. Dalilin kowanne ba ta taɓa tambaya ba.

Ganye ya fara zuba sai ga Wiebe a kan keke, da jakar kayan aiki a baya.

"Matar yaya, sa gahawa. Mai tafki ya iso."

"Wiebe, na riga na ce zan kira mutumin da ya sayar mana da shi."

"Wannan yaron? Ni na koya wa ubansa riƙe guduma. Ki bar wa na gida aikin gida."

"Ka taɓa rufe tafki?"

"Na yi shekaru ina yawo da ruwa a bayana, fari ma kuwa, mai tsada. Wannan ai kwanon miya ne."

Ta so ta ƙi. Amma ya riga ya shige lambu yana fito, kuma rabon da ta ji fiton namiji a bayan gidan tun kafin jana'iza. Ta koma ta ɗora ruwa a wuta.

Da matashin iskan ya fara. Douwe da baki yake hura shi, ya bar shi da ɗan laushi. Wiebe ya ce wannan aikin masu ciwon ƙirji ne, ya jona shi da injin hura tayar mota, ya tsaya yana ba ta labarin tseren. Matashin ya kumbura ya kai girman tunkiya, ya wuce, ya doshi girman ɗan maraƙi.

"Wiebe, abin nan fa yana ƙara."

"Murna yake yi. Bai taɓa ƙoshi ba sai yau."

Ya ɗaga shi sama zai jefa cikin ruwa, iskar teku ta karɓe. Matashin ya tsallake shinge, ya gangara lambun maƙwabcinta Tamme, ya je ya tsaya a gaban akuyar Tamme. Ita wannan akuya ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ba. Ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, ta zo a guje. Ƙarar da aka ji ta sa Renske, maƙwabciyar ɗaya gefen, ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa aka harbe.

Tamme ya leƙo ta saman shinge, lofe a bakinsa.

"Maƙwabci, ga matashinka. A ninke zan miƙo ko a tsintsiya?"

"Riƙe shi ka yi wa akuyarka riga. Ni dama ba na buƙatarsa. Matashi na masu barci ne."

Aukje ta ce a sayo wani. Wiebe ya ja ta gefe, ya rage murya kamar mai sayar da kayan sata.

"Matar yaya, me kike yi wa nama in kina so ya daɗe?"

"In sa a firiza."

"To shi ke nan. Tafki ma haka yake. Mutane na rage ruwa, suna rufewa da tamfol, suna hana shi shan sanyi, shi ya sa yake lalacewa. Mu cika shi za mu yi har baki, mu bar shi a buɗe, ya daskare tun daga sama har ƙasa. Baɗi ki same shi sabo fil."

"Douwe bai taɓa yin haka ba."

"Yaya da bakinsa ya gaya mini a asibiti. Ya ce, Wiebe, duk shekarun nan kuskure nake yi."

Aukje ta dube shi. Ta san Douwe ko almakashin yankan shinge ba ya ara wa ƙanensa. Amma ta ji daɗin jin an ce Douwe ya ce wani abu, ko da ƙarya ne. Ta juya ta koma kicin, shi kuwa ya ɗauki hakan a matsayin izini.

Abin da bai gaya mata ba, kowa a shagon shan gahawa ya sani. Kujerar sarkin ƙanƙara ba kowa a kai tun rasuwar Douwe, kuma Wiebe ya rantse a gaban jama'a cewa bana shi zai fara taka ƙanƙara a duk lardin, kafin magudanai su daskare, kafin ƙauyukan da ke mana gori su ɗaure takalma. In ya yi haka, wa zai hana shi kujerar?

Washegari ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan yana hana daskarewa, dole a zubar a zuba sabo. Ya tsoma tiyo a tafki, ya sa ɗayan bakin tiyon a bakinsa, ya zuƙa. Ruwan ya zo da wuri fiye da yadda ya zata. Ya yi tari har hularsa ta faɗi, idanunsa suka yi ja, ya ce ɗanɗanawa yake yi, haka gwanaye ke gane ƙarfin magani. Ya jefa bakin tiyon ta ƙarƙashin shinge, ya shiga cin biskit.

Bayan shingen kuwa kabejin Renske ne, irin na hunturu, wanda take jira sanyi ya taɓa shi ya yi zaƙi ta kirɓa da dankali. Kafin mako ya zagayo ganyen ya koma ruwan ɗorawa. Renske ta shigo da tushe ɗaya a hannu ta ɗora a kan teburin Aukje, kusa da farantin Wiebe.

"Ga shi, likita. Duba mini mara lafiya."

"Rashin taki ne, maƙwabciya."

"Rashin taki? Kabejina warin asibiti yake yi!"

"To ai kin huta da wankewa."

"Wallahi Wiebe, da uwarka tana da rai da na kai mata ƙara. Kai ko shayi ka haɗa sai an kira 'yan kwana-kwana."

"Mata ba ku san kimiyya ba."

"Ni dai na san kabeji. Wannan kuma gawa ce."

Suna cikin haka iska ta taso. Tafkin da aka kwashe wa ruwa ba abin da ke riƙe bangonsa, sai ya fara lanƙwasa ciki yana kukan kwano. Aukje ta fito da gudu da silifas.

"Wiebe! Yana faɗuwa!"

"Miƙa yake yi. Kawo mini bel ɗin nan na cikin jaka."

Bel ɗin ɗaure kaya ne na manyan motoci. Ya tokare bangon daga ciki da sandunan shanya, ya zagaya bel ɗin ta waje, ya shiga ɗamewa. Aukje ta ce ya isa. Ya ce ita ba ta taɓa ɗaure kaya a kan babbar hanya ba. Ya ƙara. Da ya gama, tafkin da yake zagayayye ya tsuke a tsakiya kamar kwanson gyaɗa.

Tamme ya cire lofe daga baki.

"Maƙwabci, ciki gare shi ko ɗamara ka yi masa?"

"Sabon yayi ne. A ƙasashen waje duk haka suke."

Ya buɗe famfo ya cika shi har ruwa na leƙen baki. Sai jiran sanyi.

Sanyi ya ƙi zuwa. Ruwan sama ya zo, hazo ya zo, ganyen bishiyoyin layin kaf ya taru a cikin tafkin. Ruwan ya koma kore. Wasu agwagi suka gano wurin, suka kira danginsu. Kullum da safe Wiebe na bisa tsani da tsintsiya yana korarsu, su tashi su zagaya hasumiyar coci su dawo su sauka a bayansa. Ranar da ya miƙa da yawa, tsanin ya tafi gabas shi ya tafi yamma. Ya fito da ganye a ka, ya ce auna zurfi yake yi.

Da haƙurinsa ya ƙare sai ya ce ruwa kamar ɗan makaranta ne, sai an nuna masa misali. Ya je wurin mai kifi ya roƙo ƙanƙarar da aka kwashe daga kan teburin kifi, baro bayan baro, ya juye a tafki. Ƙanƙarar ta narke kafin la'asar, ƙarnin ya zauna. Kyanwoyin ƙauyen suka jeru a kan shinge kamar masu jiran bas. Tsuntsayen teku suka zo suka kori agwagin, suka yi wa shanyar Renske ado.

Ranar nan Aukje ta tare shi a ƙofar kicin.

"Wiebe, ya isa haka. Na ji labarin kujerar. Ba tafkina kake rufewa ba, kamfe kake yi."

"Haba matar yaya..."

"Abin nan na yara ne. In ya mutu, me zan ce su zo su yi a nan? Su kalle ni ina saƙa?"

Wiebe ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya ce ta ba shi sanyi ɗaya tak. In sanyin farko ya zo bai nuna mata abin mamaki ba, da hannunsa zai rage ruwan, ya sayo matashi, ya ɗaure tamfol yadda yaya ke yi, kuma ba zai ƙara ambaton tseren nan a gidanta ba. Wannan na ƙarshen ne ya ja hankalinta. Ta ce sanyi ɗaya.

Sai kuwa iska ta juyo daga gabas. Sama ta washe, ciyawa ta yi fari, kowa ya shiga ɗaki yana neman inda ya ajiye takalman sulu, masu siririn ƙarfe a ƙasa. Saman tafkin ya kama. Da Aukje ta zagaya da safe sai ta ji bangon na wani irin nishi, ƙusoshin da suka haɗa bakin kwanon sun ɗan leƙo waje kamar haƙora.

"Me ya sa yake kuka?"

"Ƙarfi yake tarawa."

Bai jira ba. Ya bi gida-gida ya gayyaci ƙauyen ranar Asabar da hantsi. Ya gayyaci shugabar ƙungiyar 'yan sulu, Uwargida Postma, mace mai tabarau wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ya sa Aukje ta dafa babbar tukunyar miyar wake, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Har mai busa ƙaho na bandar ƙauye ya ɗauko.

Jama'a suka cika lambun, wasu a kan shinge, wasu a tagogin sama. Ba wanda ya zo don ya yarda. Kowa ya zo ne don kada a ba shi labari. Tamme ya zo da akuyarsa a igiya, ya ce ita ma tana da hannu a aikin.

Wiebe ya fito daga ɗakin ajiya cikin rigar tserensa ta samartaka, matsattsiya, mai hula a haɗe. Rigar ta tuna da saurayi, ta tarar da tsoho mai tumbi. Wani daga kan shinge ya ce a taimaka a ɗaure shi da bel shi ma.

Uwargida Postma ta gyara tabarau.

"Malam Wiebe, ƙa'ida ita ce a auna kafin a hau."

"Ranki ya daɗe, ni da ido nake aunawa."

"Ƙungiya da sanda take aunawa."

Aka ɗauko ƙarfen huda ƙanƙara na Douwe, dogo mai murɗe-murɗe, da sandar awo. Wiebe ya hau tsani ya ƙwanƙwasa ƙanƙarar da yatsa. Sautin bai yi masa daɗi ba. Sai dabara ta zo masa: in ya huda a miƙe, sanda za ta faɗi gaskiya, in kuwa ya huda a karkace, ramin zai yi tsawo. Ya juya wa jama'a baya, ya kwantar da ƙarfen ya nufi gefe, ya shiga murɗawa yana fito. Ƙarfen ya ratsa ƙanƙara, ya ratsa ruwa, ya ji abu mai tauri. Wiebe ya ce a ransa ashe ƙasan ma ya daskare. Ya danna da ƙarfinsa duka.

Bakin ƙarfen ya ɓullo ta jikin bango, daidai gaban Uwargida Postma. Da ya zare shi, wani siririn ruwa kore mai ƙarnin kifi ya yi tsalle ya sauka cikin kwanon miyarta.

Ta dubi kwanon, ta dubi Wiebe.

"Wannan fa?"

"Hancin tafki ne, ranki ya daɗe. Dole ya yi numfashi. Matar yaya, miƙo karas!"

Aukje ta tsaya ƙiƙam da ludayi a hannu. Renske ce ta shiga kicin ta ɗauko karas, ta ce ba za ta bari wasan ya ƙare da wuri ba. Wiebe ya cusa shi a ramin, ya buga da dunduniyar hannu, ruwan ya tsaya. Ya zura sandar awo a karkataccen ramin ƙanƙarar, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a ku gani! Ko tankar madara sai ta bi ta kan nan!"

"Kada a ba shi mukulli!" in ji Tamme.

Wiebe ya zauna a kan tsani yana ɗaure takalman sulu, ya fara jawabi. Ya yi maganar kakanninmu da suka yaƙi teku. Ya yi maganar ƙauyukan da ke mana dariya. Ya shiga labarin tseren, ya tuna alkawari, ya dubi Aukje, ya ce ai lambu ba cikin gida ba ne, ya ci gaba. Jawabin ya yi tsawo har Tamme ya saki igiya don ya cika lofe. Akuya ta zagaya bayan jama'a, ta ga karas a jikin bango daidai tsayin bakinta.

Aukje ce kaɗai ta gani. Ta ga ruwa na malala ta ƙarƙashin ƙafafun mutane, ta ga ramin na yagewa yana faɗi.

"Wiebe, kada ka hau! Ruwan na fita ta ƙasa!"

"Matar yaya, tsoro na mata ne. Mai ƙaho, busa!"

Mai ƙaho ya busa. Wiebe ya ɗora ƙafar dama, ya ɗora ta hagu, ya sa hannu biyu a baya irin na manyan 'yan tsere, ya sunkuya. Ya tura sau ɗaya ya isa tsakiya, don dama tafkin bai fi tura biyu ba. Ya ɗaga hannu zai gaida jama'a.

Ƙanƙarar da ba ruwa a ƙarƙashinta ta ce ƙas. Ta rufta da shi, ruwan ya bugi bango. Bel ya tsinke ya yi sama da hular mai ƙaho. Ƙusoshin suka fice ɗaya bayan ɗaya kamar maɓallan rigar mai ƙiba, bangon ya buɗe gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin tsofaffin Hemsterp sun yi gudu irin na ranar ba. Ruwan ya ɗauki teburin miya, ya ɗauki kujeru, ya kwantar da shingen Renske ya share abin da ya rage na kabeji. A bisa kan ruwan, zaune a kan wani faifan ƙanƙara, ƙafafu a sama, ga Wiebe yana ihu a ba shi hanya. Ya fice ta ƙofar lambu, ya gangara layi, tukunyar miya na biye da shi, akuya na biye da tukunya. Ya wuce gidana, ya wuce shagon burodi, sai da ya kai dandalin coci ya rungumi sandar fitila.

Uwargida Postma ta iso a jiƙe har gwiwa, ta tsaya a kansa.

"Malam Wiebe, ƙungiya ta auna."

"Ranki ya daɗe, igiyar takalmina ce ta..."

Dariyar da aka yi ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Ranar muka ga haƙoran Uwargida Postma, har na ciki.

Aukje ba ta bi su ba. Ta tsaya a lambu tana kallon kwanon a kwance, ledar a yage, tsanin shi kaɗai a tsaye ba abin da zai hau. Renske ta dawo ta same ta a nan, ta buɗe baki za ta yi maganar shinge, ta fasa. Ta kama hannunta ta kai ta ciki ta dafa mata gahawa.

Ruwan kuwa bai je ko'ina ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, magudanan layin kuma ganye ya toshe su. Ya bazu siriri a kan bulon layin tun daga ƙofar Aukje har dandalin coci, sanyin gabas ya sauka a kansa. Da gari ya waye, layin ya zama madubi. Mai burodi ne ya fara gwadawa, ba da niyya ba. Kafin a tashi daga coci rabin ƙauyen na kan takalman sulu, mutanen ƙauyukan da ke mana gori suna ajiye motoci a bakin hanya suna tambaya ko gaskiya ne. Hoton Wiebe a kan faifan ƙanƙara kuwa ya riga ya zaga wayoyin lardin.

Aukje ta ja labule ta zauna. Ba ta son gani. Wajen azahar aka buga ƙofa da ƙafa, irin bugun da mutum ɗaya ne a duniya ke yi mata. Ta buɗe, jikanta Jelle ya faɗo jikinta, ƙanwarsa Femke na bayansa cikin hula mai kunnuwa, uwarsu na fama da jakunkuna.

"Kaka! Mun ga Kaka Wiebe a waya! Da gaske daga lambunki ya taso?"

"Daga nan ya taso. Tafkin ya mutu, 'ya'yan nan. Baɗi ba wurin iyo."

"To sai mu je teku," in ji Jelle, yana neman biskit a inda ya san ana ɓoyewa. "Mu dama mun so zuwa da bazara. Mama ce ta ce tunda Kaka Douwe ya rasu ba kya son hayaniya, mu bar ki ki huta."

Aukje ta dubi 'yarta. 'Yar ta sunkuyar da kai.

"Na zaci shiru kike so, Mama."

"Shiru? Na bar Wiebe ya shiga lambuna da injin hura taya, ke kina ganin shiru nake so?"

Femke ta ja gefen rigar kakarta ta ce ita ba ta iya sulu ba. A wurinmu yaro da kujerar kicin yake koyo, ya riƙe bayanta yana turawa. Aukje ta shiga kicin. Kujeru huɗu ne a teburin, ukun suna kusa da ƙofa. Ta wuce su, ta je ta ɗauko ta bakin taga, wadda ba wanda ya zauna a kai tun farkon bazara, ta goge ta da gefen zane ta fito da ita.

A bakin layi ga Wiebe, ƙafa a naɗe da bandeji, sanda a hammata, bargo a kafaɗa, ya tara baƙi yana musu bayani.

"Dama haka na tsara. Tafki ai ma'aji ne kawai. Sai ka san daidai lokacin da za ka sake shi, kuma ba kowa ke da wannan idon ba."

Ya hangi Aukje tafe da kujera, fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Gida ya san darajar gwani. Na gode, matar yaya, ajiye nan."

Ya juya baya ya fara zama. Aukje ta wuce shi ko kallo babu, ta dire kujerar a kan ƙanƙara, ta ɗora hannayen Femke a bayanta.

"Riƙe da kyau, ta kakanki ce. Tura."

Bayansu aka ji tim, sanda ta yi gefe, Wiebe ya tafi da mazaunai yana juyawa a hankali zuwa dandalin coci.

"Kaka, ya faɗi!"

"Bar shi," in ji Aukje. "Aunawa yake yi. Ke dai tura."